Hon Ɗin Yaya Haruna da Murfin Langar Inna

Azumin bana ya cika shekara biyar da rasuwar yayana Haruna. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma duk sa'ad da na ɗauki biro sai in ajiye, domin akwai wani yanki na labarin da nake jin nauyin faɗa a gaban masu karatu. Ni malamin makaranta ne, na ƙare rayuwata ina hana yara camfi. Yau dai zan faɗi abin da kunnena ya ji, kowa ya auna da hankalinsa.

Yaya Haruna shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Yana zaune a Kwangila da iyalinsa, ni kuma ina gidanmu na gado a Tudun Wada tare da ita. Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa, amma in ka tambayi mutanen unguwa ba za su tuna shi da wannan ba. Da babur za su tuna shi. Wani ƙaton baƙin babur ne na da, mai nauyin tsiya, wanda bai taɓa ɗaukar fasinja da shi ba, bai kuma taɓa ɗora masa buhu ba. Na yawo ne kawai. Duk Lahadi shi da amininsa Malam Garba sai su nufi bayan gari, wajen dutsen Kufena ko gefen kogin Galma, su sha iska su dawo. Na sha yi masa tsiya, in ce mutum da furfura a gemu yana ƙona mai don ya kalli dutse. Sai ya yi dariya ya ce ni da keken koyarwata ba zan gane ba. Hali zanen dutse, na gaji na ƙyale shi.

Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, don haka sai na yi bayani. A wurin matan zamanin Inna, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane tana ji da shi. Tun da aka yaye Yaya Haruna kakarmu ta ɗauke shi. Ya girma ya yi jikoki, ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Wancan na Kwangila" take ce masa, in ranta ya ɓaci kuma "mai babur". In ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, ita kuma ta juya fuska ga bango ta amsa a taƙaice, kamar mai amsa wa baƙon da ya yi ɓatan hanya. Amma in ya yi kwana biyu bai zo ba, tuwo ba ya wuce mata maƙogwaro, kuma ba ta da bakin tambaya.

Sai annobar korona ta zo, aka saka dokar kulle. Wanda bai ga Tudun Wada a kwanakin nan ba, da wuya ya yarda da abin da zan ce. Unguwar da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan acaɓa da keke ta yi tsit. An rufe shaguna, an rufe makarantu, ladan ya kira salla ya ce kowa ya yi a gidansa. Ga azumi ya kama cikin tsananin zafi, ba tafsiri, ba jam'in tarawihi. Da rana tsaka in ka leƙa titi, ba ka ganin komai sai awaki kwance a tsakiyar kwalta. Daga tsakar gidanmu har ƙarar guga nake ji a rijiyar gida na uku.

Yaya Haruna bai zauna ba. Ban yaba masa a kan wannan ba a lokacin, yanzu ma ba zan yaba ba, domin rigakafi ya fi magani, kuma ba a ɗage masa dokar shi kaɗai ba. Na kira shi a waya na yi masa faɗa iyakar yadda ƙane zai iya. Ya ce shi kaɗai yake tafiya, da hular kwano da takunkumi, ba ya gaisawa da kowa, ba ya sauka a inda mutane suke, to wa zai cuta? Ya ce tun da yake bai taɓa samun hanya irin wannan ba, shimfiɗe ba kowa a kanta. Ya san kowane lungu da ke kauce wa shingen jami'ai. Malam Garba ya ajiye nasa babur ɗin ya bi doka, shi kuwa ya ci gaba, kullum bayan Azahar.

Abu ɗaya ya kiyaye: ya daina shigowa gidanmu, don tsoron kada ya kawo wa tsohuwa ciwo. Sai ya ɓullo da wata hanya. In ya iso ƙofar gida ba ya kashe injin, sai ya danna hon, gajere biyu da dogo ɗaya. A lokacin Inna tana zaune a inuwar katanga da carbinta. Ranar farko na ga ta miƙa hannu ta ɗauki sandarta ta ƙwanƙwasa murfin wata tsohuwar langa da ke gefenta. Yana jin ƙarar sai ya ja babur ya wuce. Na tambaye ta me ya faru, ta ce kaji take kora. Rabon gidanmu da kaza tun kafin rasuwar Baba. Na haɗiye dariyata. Haka suka riƙa yi kullum, shi da hon, ita da murfin langa, kuma na tabbata a cikin makonnin nan sun yi hirar da ba su yi ba a tsawon rayuwarsu.

Ranar da ya rasu ya zo kamar kullum, ya danna, ta ƙwanƙwasa, ya wuce. Wajen La'asar wasu manoma suka gan shi a gindin wani rimi a hanyar Kufena. Ba hatsari ya yi ba. Babur yana tsaye a kan ƙafarsa, hular kwano tana rataye a madubi, shi kuma yana zaune ya jingina da itacen yana fuskantar dutsen, kamar mai hutawa. Sai da suka yi sallama ba amsa suka matsa kusa. Da yake ba a san abin da ya kashe shi ba, ma'aikatan lafiya ne suka zo cikin fararen kaya suka ɗauke shi. Mu kaɗan aka bari muka sallace shi, kowa nesa da kowa. Ba a kawo shi gida ba. Inna ba ta ga gawarsa ba, ba ta yi masa addu'ar bankwana a kansa kamar yadda iyaye ke yi ba.

Ni na gaya mata. Ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ci gaba da jan carbi. Ko ɗigon hawaye ban gani ba. Ba zaman makoki, ba maƙwabta da za su cika gida, sai gaisuwa ta waya. Aka kawo babur ɗin aka ajiye a zaurenmu, na ɗaure shi da sarƙa, na sa makullin a aljihuna.

Kwana uku da binne shi, bayan Azahar, ina kwance a ɗaki azumi ya dafa ni, sai na ji hon a ƙofar gida. Gajere biyu, dogo ɗaya. Kafin in gama tashi zaune na ji ƙarar murfin langa. Na fita ba takalmi, na bi ta zaure na buɗe ƙofa. Layinmu miƙaƙƙe ne, kana ganin ƙarshensa ta kowane gefe. Ba kowa. Awakin da ke kwance a tsakiyar hanya ko kunne ba su kaɗa ba. Na dawo zaure na dafa injin babur, na ji shi da sanyi. Na tsaya ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da na shiga ciki na tarar Inna ta ajiye sanda ta koma ga carbinta, ba ta dube ni ba.

Washegari aka sake, jibi ma haka. Na kira Malam Garba ina huci, don na ɗauka shi ne yake yi saboda tausayin tsohuwa. Ya rantse mini bai taka waje ba, ya ce ma ƙafar babur ɗinsa a sace take. Da na gaya masa dalilin tambayar sai na ji yana kuka. Maƙwabcinmu ya ce shi ma yana jin wani abu kamar hon, amma a garin da ya yi shiru haka, ƙara daga babban titin Kongo ma tana iya isowa. Limamin unguwa ya ce mini ta waya mamaci ba ya dawowa, in yawaita addu'a, in kula da tsohuwa. Na san gaskiya ya faɗa, haka na yi imani, haka nake koyarwa. Duk da haka na je na tsinke wayar hon ɗin babur da hannuna. Na kuma gwada zama a bakin ƙofa in jira. Ranar da na zauna a waje ba na jin komai, sai dai ƙarar langa daga ciki. Ranar da nake ciki, ina ji sarai.

Abin da ya fi tsorata ni ba hon ɗin ba ne, Inna ce. Ta daina cin abin kirki a buɗe-baki, kunu kaɗan ta ture kofi. Tun hantsi take jan tabarma zuwa gindin katanga ta zauna jira. Idanunta suka faɗa, zaninta ya fara yi mata yawa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na gane baƙin ciki ne ya tokare ta, kunya ta hana shi hanyar fita, kuma in aka ci gaba a haka kafin Salla zan sake komawa maƙabarta. Na rasa yadda zan yi, domin ta yaya zan yi mata maganar mutumin da ba a ambatarsa a gabanta?

Ana cikin goman ƙarshe, wata rana ina zaune kusa da ita, hon ya zo. Na ga hannunta ya tafi ga sanda, sai ya tsaya. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Muka kasa kunne. Can sai aka sake dannawa, abin da bai taɓa faruwa ba ko yana da rai. Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta bi ta zaure, ta wuce babur ɗin, ta buɗe ƙofar da kanta. Ta tsaya tana duban layin da ba kowa a cikinsa, rana tana dukan fuskarta.

"Haruna," ta ce. "Na ji ka. Kullum ina jin ka. Je ka, ɗana, na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka."

Daga nan ta zauna a dakalin ƙofa ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, har matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna taya ta daga nesa. Da aka sha ruwa ta ci tuwo. Tun daga ranar ban sake jin hon ɗin ba, ita ma ba ta sake jan tabarma gindin katanga ba.

Yau in na tsaya a ƙofar nan, ba na jin komai sai hayaniya. Keke da acaɓa sun dawo sun ninka, takunkumi ya zama tarihi, yara ma ba su tuna an taɓa kulle gari. Nakan tambayi kaina me Yaya Haruna zai ce da ya ga tsadar mai ta yanzu, wadda ta sa yawon shan iska a kan babur ya zama abin masu hali. Me zai ce da ya ga hanyoyin bayan gari da yake bi shi kaɗai sun zama wuraren da mutum ke shiga da fargaba? Na san dai zai yi tsaki in ya ga samarin da ke ɗaga ƙafar babur a wajen biki ana ɗaukarsu a waya, domin shi bai taɓa hawa don a gan shi ba. Malam Garba ya sayar da nasa, ya ce yawo ba abokin tafiya ba daɗi. Namu yana nan a zaure, wayar hon a tsinke yadda na bar ta.

Har yau ban san abin da na ji ba. Wataƙila wani mai karya doka ne a can babban titi, wataƙila kunnen mai azumi da baƙin ciki ne. Allah ne masani, kuma na daina neman amsa. Abin da na sani shi ne abin da ya rage. Bara aka haifa wa babban ɗansa yaro, aka mayar masa da sunan kakansa. Kowa ya ɗauka Inna za ta laƙaba masa wani suna, Abba ko Maigida, kamar yadda aka saba. Ba ta yi ba. In aka kawo shi gidan nan, daga safe har yamma sunan nan ne a bakinta, ko yaron yana kuka ko yana barci, ko da dalili ko babu. Jiya na ce mata, "Inna, ai kya bar shi ya huta." Ta ce shekara hamsin da wani abu tana riƙe da sunan a ciki, in bar ta ta faɗa.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya sa kabarinsa ya fi masa waccan inuwar rimin sanyi.