Ƙwan Zabin da Bello Bai Ci Ba

Daminar da na shiga aji uku, ran wata Laraba, Inna ta dawo daga asibitin Gwandu goye da ƙanena Bello. Shekararsa biyu, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja kamar gemun masara. An ce tamowa ce, a riƙa ba shi ƙwai kullum. Kakarmu ta tafa hannu ta ce, "Ƙwai ga yaro? Ɓarawo za ku raina!" Don haka Inna takan dafa ƙwan zabi a ɓoye, ta ba ni in kai shi bayan rumbu in ba shi. Sai in ɓare, in shafa masa gwaiduwa a leɓe, in haɗiye sauran. Haka na yi har aka yanke gero, yana kallona, bai iya magana ba.

Da muka girma, ni na fara miƙa masa ƙwayar tiramol a gonar shinkafa a Kalgo, wai don kada mu gaji. Na sha wata biyu na bari. Shi kuwa tun ranar farko abin ya riƙe shi, har ya kai ga kwance awakin gida. Kaka, wadda ashe ta san ana dafa ƙwan, ta ce, "Ƙwan nan ne, na faɗa muku." Ni kuwa har na doke Bello, na kira shi rago.

Bara na kai shi asibiti. Wata nas 'yar Zuru ta tambaye ni ko ya yi tamowa yana ƙarami. Ta ce ƙwaƙwalwar da ta ginu cikin yunwa kan iya karɓar ƙwaya da ƙarfi fiye da ta wani, ko da jiki ya daɗe da murmurewa. "Ba kowa ba," in ji ta, "kuma ana warkewa." Ashe abin da yaro ya manta, kansa na riƙe da shi shekara ashirin. Allah mai iko.

A kan babur muna komawa na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Yaya, dubi hanya kar ka kayar da mu." Ya ƙara riƙe rigata.

Da can ina ganin ƙarfin zuciya ne ya raba ni da shi. Yanzu wata biyar ke nan bai sha ba, kullum da asuba yana yaƙin da ni ban taɓa yi ba. Ban san wanda ya kai shi ƙarfi ba.