Ƙayar da Na Binne a Hanyar Bello

Ranar Juma'ar da aka gama noman farko, shekarar da nake aji huɗu, an yi ruwa da asuba, ƙasar bayan gidanmu a Birchi ta yi laushi yadda muke so. Ina zuba wa awaki ciyawa na yar da lauje na ruga can, don ni ne mai shata gari. Haka wasan yake: mu share fili, mu gina rumbuna da laka, mu kafa rassan bedi su zama itatuwa, mu binne fasasshen ƙoƙo mu cika da ruwa ya zama rijiya, mu ja katanga da karan dawa. Inda na ce a sa abu, nan ake sawa. A aji ban iya komai ba sai shan bulala, amma a wannan fili ba mai ja da ni.

Sai ga Bello, ɗan rugar da ke gefen gonarmu. Shi ba ruwansa da gini, shanu yake yi da yumɓu, da tozo da ƙaho, kamar ka kira su su amsa. Yara suka riƙa barin garina suna zagaye shi. Ran nan ya roƙe ni in bar masa burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, ya kai garkensa rijiya. Na ce to. Na shata masa hanya mai faɗi, na jera kara dama da hagu. Da suka tafi ɗebo laka, na tsinko ƙayar aduwa guda uku daga shingen gonar Baba, na binne a tsakiya, tsini sama, na shafe da tafin hannu. Na daɗe ina cewa shanun nake so su lalace. Ƙarya ne, na san ba shi da takalmi.

Da Bello ya dawo ya bi hanyar ya taka su, bai yi ihu ba, zama ya yi yana kallon jinin. Ɗaya ta karye a diddigensa, sai da wanzami ya tsaga ya ciro ta. Ƙafar ta kumbura, ya yi wata guda bai bi shanun gidansu ba. Da Baba ya tambaye ni, na ce ruwa ne ya kwaso ƙayar. Ya je ya duba wurin, ya dawo ya ce, "Ruwa ba ya jera ƙaya a tsaye." Bai taɓa ni ba. Ya ce in biyo shi ruga mu yi sannu, na laɓe bayan rumbu har ya gaji ya tafi shi kaɗai. Bayan kaka su Bello suka tashi zuwa wajen Barkiya. Da safe na tarar da babban bijiminsa na yumɓu a kan katangarmu, ya bar mini.

Yanzu facin taya nake yi a Dutsin-Ma. Shekaranjiya ɗana Nura ya zauna a shago da waya, yana wani wasa da ake shirya fili kafin abokai su shigo ta intanet. Yana jan itace da yatsa ya ajiye, ya sa dutse, ya sa katanga, ya sa waya mai ƙaya. Ya ce zai toshe wata kwana don abokinsa ya faɗa tarko. Na daka masa tsawar da ta fi laifinsa. Ya ce, "Baba, ai ana gogewa," ya danna, shingen ya ɓace, fili ya koma fes.

Na ci gaba da lalube cikin tayar da ke hannuna, ina neman ƙusa. Tawa ƙayar shekara talatin da wani abu ke nan, ban samu inda ake dannawa ba.