Alfadarin Settimio da Ƙofar Gari

Shekara talatin Settimio yana hawa da kayan mutane a bayan alfadarinsa, domin ƙauyensu na kudancin Italiya a kan tsauni yake, kuma mashigarsa ɗaya ce, wata tsohuwar ƙofar dutse. Ranar da sabon magajin gari ya sayo mota don ta karɓe masa aikin, ko gezau bai yi ba. Ya san faɗin ƙofar nan, kullum kwandunansa suna gogar bangonta.

"Kawu, ka sayar da tsohon nan ka huta mana," in ji direban.

"To, ɗana. Shige tukuna."

Motar ta kutsa kai, ta maƙale. Da ƙyar aka jawo ta baya. Da yamma magajin gari ya zo da kansa, yana tambaya ko alfadarin ya ci abinci.