Gaisuwar suruki a bakin kogin Cole

Muna sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Gorton, ni da abokina, dabino da turare a kujerar baya, babbar rigata a rataye. Birmingham muka nufa. Bayan la'asar zan je gaida mahaifin yarinyar da nake nema, dattijon da har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da kawai ya faɗa wa 'yarsa shi ne yana so ya ga natsuwata da idonsa. Ni kuwa in gabana na faɗuwa, ba abin da ke kwantar min da hankali kamar takalmin taya, irin mai tayoyi a jere ɗin nan. Na cusa nawa a but ɗin mota, abokina yana ta min tsiya, wai akanta guda da gemunsa yana wasan yara.

Babbar hanyar M6 babu cunkoso, sai manyan motoci da tumaki can a gefe. Mun tsaya shan shayi a hanya, aka ba mu ruwan zafi mai launi a farashin da ya sa abokina salati. Da muka shiga Birmingham, a Stratford Road muka rama, a shagon wani ɗan Pakistan: gurasarsu ta paratha da ƙwai, da shayi mai kauri irin na gida.

Daga nan sai bakin kogin Cole, nan unguwar Sparkhill, na ɗaura takalmin tayata. Jama'a, hanyar nan! Kogi ne dai a suna, mu a gida rafi za mu ce masa, amma kwaltar da ke gefensa sumul take. Bishiyoyi sun yi rumfa, ga agwagi, ga mata na tura keken jarirai. A Gorton kullum cikin kauce wa ramuka da kwandunan shara nake, nan kuwa na saki jiki, iska na dukan kunnena, ina ihu ni kaɗai. Wallahi na manta da wata la'asar.

Ina shan wata kwana sai ga dattijo da farar hula da sanda. Shi ne, mahaifin yarinyar. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa a wani suna, amma ya gane ni, don cak ya tsaya. Ashe hanyar a bayan layinsu take, kuma likita ya sa shi tattaki kullum da safe. Ga ni da hular kwano da wando iya gwiwa.

Ɗan Hausa ba ya gaida suruki a tsaye. Kafin in yi shawara, gwiwoyina sun riga sun lanƙwashe, na tsuguna. Wurin kuma gangare ne.

"Barka da hantsi, Baba. An tashi lafiya?" Tayoyin suka fara tafiya da ni da baya.

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya iyali?"

Miƙewa a tsakiyar gaisuwa rashin kunya ne, juya masa baya ya fi muni. Sai na ci gaba da jero gaisuwa ina gangarawa, shi kuma ya biyo ni yana amsawa, fuskarsa ko gezau. Ina jin kukan agwagi na matsowa ta bayana. Ina kan "ya ƙarfin jiki" ya miƙo min sandarsa na cafke, tayoyin baya sun riga sun hau ciyawar bakin ruwa. Abokina yana can bayan bishiya, dariya ta hana shi tsayuwa.

"Sai la'asar," in ji dattijon, ya wuce.

Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Bayan la'asar na saka babbar riga, na zauna a ƙasa a falonsa. Aka kawo masa da miyar taushe, ko loma ɗaya na kasa kaiwa baki. Sai dattijon ya juya ga ƙaninsa da ke gefe.

"Yaron nan ruwa na jiransa, amma bai katse gaisuwa ba." Ya dube ni. "Ka ce wa magabatanka su zo."

Da magariba muka iso Gorton, cinyoyina na ciwo, bakina ya ƙi rufuwa don murna. Abin da na koya shi ne tarbiyyar gida ba ta da birki. Ita ta kusa jefa ni ruwa, ita kuma ta samo min mata. Hanyar kogin Cole kam ku je, ba za ku yi nadama ba, amma ku fara binciken inda surukinku yake tattaki.