Gyaran da Ya Raba Mijina da Sitiyari

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da 'yan'uwa suke aikowa wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke abin da ke raina. A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce a Kazaure, da 'ya'ya ƙanana, ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Duk wanda ya san ni a wancan zamani zai gaya maka ni mace ce mai zafin nama, kuma mai gaggawa. Ba na iya ganin abu ya lalace a ajiye. Ko ƙwarya ce ta tsage, hankalina ba ya kwanciya sai na ɗinke ta. Mutane suna yaba mini a kan haka, ni ma ina jin daɗin yabon.

Maigidana direban babbar mota ne tun kafin a ɗaura mana aure, jim kaɗan bayan an sami 'yancin kai. Gyaɗa yake kwasowa daga Babura da ƙauyukanta zuwa Kano. Ban taɓa ganin mutumin da yake son tuƙi kamarsa ba. Ko tuwo yake ci, in mota ta wuce a titi sai ya tsaya da loma a hannu, ya gaya mini abin da ke damun injinta. Nakan tsokane shi in ce da mota aka ɗaura masa aure, ni 'yar rakiya ce. Wata damina motar ta kife da shi a wani gangare, da kaya a kanta. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da aka yanke masa ƙafar hagu daga cinya. Wanda bai san mota ba zai ce ai da saura ɗaya. To ƙafar hagu ita ce take taka kuloci, in babu ita babu canja giya, in babu canja giya babu tuƙi. Ya dawo gida da sanduna biyu, ya zauna a zaure yana tufkar igiya. Mutumin da a da in ya fara hira sai na ce ya bar ni in yi aiki, ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba. Haka muka yi shekaru, ina kallonsa yana ramewa ba tare da wani ciwo ba.

Sai zamanin kuɗin man fetur ya zo, aka fara ayyukan tituna ko'ina, aka kuma koma tuƙi a hannun dama. Wani Bature da ya zo aikin titi zai koma ƙasarsu, yana da wata tsohuwar doguwar mota mai launin toka. Babu mai sonta, don sitiyarinta na tsohon hannu ne, ga shi kuma an ce ba ta da kuloci, ita take canja giyarta da kanta, wadda ake cewa otomatik. Tsohon ubangidan mijina, Allah ya jiƙansa, shi ya saye ta ya aiko masa da ita. Ranar da aka kawo ta na leƙo ta zaure ina kallo. Ya jingine sandunansa, ya shiga da ƙyar, ya duba ƙasa ya ga abin takawa biyu ne kacal, birki da totur, duk na ƙafar dama. Ya tayar da ita, ya zagaya unguwa, ya dawo yana dariya hawaye na zuba. Wallahi ranar na sake ganin mutumin da na aura.

Daga nan ya dawo mutum. Shi ne kai amare Roni, shi ne ɗauko marasa lafiya daga ƙauye zuwa asibiti, ranar kasuwar Gwiwa kuwa tun da sassafe fasinja suke jiransa. Ya yi mata rumfa a gefen gida, yana wanke ta da kansa yana dogara sanda ɗaya. Ni kuma da na ga rumfa mai inuwa, ga wuri a fili, sai na riƙa jibge buhunan gyaɗata a bayan motar. Ya yi mini magana sau ɗaya cewa ɓeraye za su taru, na ce ɓera me zai ci a jikin ƙarfe, ya yi murmushi ya ƙyale ni.

Wata safiya ya fita, ba a jima ba na ji shi ya dawo, motar tana wani irin gurnani kamar za ta fashe amma tafiyarta ba ta fi ta keke ba. Ya ce mini ta ƙi shiga giya ta biyu. Ta tashi lafiya, ribas lafiya, amma in ya taka sai ta tsaya a ta farko tana ihu. Ya ɗaga bonet, ya zaro ɗan ƙarfen da ake duba man giya da shi, ya ce man ya ɗan yi ƙasa. Wani jan mai ne mai ruwa-ruwa, irin wanda babu shi a Kazaure sai Kano. Ya ce zai bari sai an sami wanda zai je Kano ya sayo. Amma akwai bakaniken da ya saba yi masa gyara tun zamanin babbar mota, amininsa ne na gaske, ya zo ya duba ya ce mai ai mai ne, kuma na babbar mota ya fi kauri, ya fi riƙe ƙarfe. Maigida ya ce Baturen ya gargaɗe shi a kan man. Ni ce na sa baki daga cikin gida na ce ya bari a gwada mana, gobe kasuwa, mutane suna jiransa. Aka ɗura mata.

Washegari ta kai shi Gwiwa da jan ciki. A hanyar dawowa ta daina tafiya gaba ɗaya, inji yana juyawa, taya ba ta motsi. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka fito, Allah ya saka musu, suka yi ta turi kamar yadda aka saba, ba su san irin wannan mota turi ba ya yi mata komai ba. Sai wata babbar mota ta zo wucewa, direban ya san shi, ya ce ba zai bar shi a daji ba. Ya ɗaura ta da sarƙa ya jawo ta har ƙofar gida, da gudu irin na mai son taimako. Da suka iso wani ƙauri ne yake tashi daga ƙarƙashinta, har cikin gida na jiyo shi.

Ba zan manta da kwanakin da suka biyo baya ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar, shi da amininsa, tun hantsi har la'asar. Su kwance wannan, su hura wancan, su zubar da mai su sake ɗurawa, a tayar, shiru. Suka sauke giyabos ɗin, wato akwatin giyar, suka buɗe shi a kan tabarma. Na kai musu ruwa na ga ƙananan ƙarafa da zobba birjik, na dubi fuskar bakaniken na san bai taɓa ganin irinsu ba. Shi kuwa maigida jan jiki a ƙasa ya sa dungulmin ƙafarsa ya goge, ya yi gyambo, ya ɓoye mini har sai da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ƙaninsa ya kai shi asibiti a Kano, aka ba shi gado. Da za su tafi abin da ya ce mini shi ne in rufe kayan da ke kan tabarmar, kada a taɓa komai sai ya dawo.

Ƙanin nan nasa mutumin kirki ne, Yaya yake kirana. A zirga-zirgar jinya ya samo wani bakanike a Kano da ya san irin waɗannan motoci, ya taho da shi. Mutumin ya duba bai daɗe ba, ya sa hannu ta bayan inji ya zaro wani ɗan tiyon roba, tsawonsa bai wuce yatsa ba, duk ɓera ya ɓula shi. Ya ce wannan ne ciwon farko. Ta cikinsa iskar inji take sanar da giyar lokacin canjawa, da an sauya shi da an gama. Amma man mai kauri da jan da aka yi mata sun ƙone cikin giyabos ɗin. Na tsaya a bayan ƙyaure ina ji, na dubi buhunan gyaɗata. Bakaniken ya ce hanya biyu ce. Ko a yi odar kayan daga waje, a jira watanni, kuma ba tabbas. Ko kuma ya sa mata giyar hannu irin ta sauran motoci, yana da wata a garejinsa da za ta shiga, cikin 'yan kwanaki mota ta tashi garau, shi kuma ya ɗauki tsohon giyabos ɗin.

A nan ne nake so masu karatu su fahimce ni. Ba zan ce ban san komai ba. Na tambayi ƙanin mijina ko yayansa zai iya tuƙa ta in an yi haka. Ya sosa ƙeya ya ce mota ta tashi tukuna, in ya so a nemo direba, shi ya zauna a gefe yana hutawa kamar manyan mutane. Amsar ba ta kwanta mini ba, amma ban ja maganar ba, don ba na son jin sauranta. Ganin motar nan a kwance, da sanin cewa ɓerayen gyaɗata ne sila, ya hana ni sukuni. So nake ya dawo ya tarar na gyara abin da na ɓata. Da ƙanin ya ce ko a je asibiti a tambayi maigida, ni na hana, na ce mara lafiya ba a ɗora masa tunani, a bari ya gani da idonsa ya yi murna. Na sayar da tasoshina na aure, aka ɗora motar a babbar mota zuwa Kano.

Ranar da aka sallamo shi, mun riga mun wanke ta tana ƙyalli a ƙofar gida. Maƙwabta sun taru yi masa barka. Direban da aka nemo ya tayar da ita, injin ya ɗauka lafiya lau. Na ga fuskar maigida ta washe tun daga nesa, ya ƙara sauri da sandunansa har yana neman faɗuwa. Aka buɗe masa ƙofa, ya zauna, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya duba ƙasa. Abin takawa uku. A gefensa kuma an huda ƙasan motar an kafa sandar giya. Ya daɗe yana kallon na ukun nan, daidai inda ƙafarsa ta hagu za ta kasance. Can ya tambayi ƙaninsa a hankali ina tsohon giyabos ɗin, aka ce an tafi da shi, an riga an wargaza shi. Ya gyaɗa kai. Ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya nemi a miƙo masa sandunansa.

Da ya zage ni, da ya kore ni gidanmu, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Na durƙusa a gabansa ina kuka ina ba shi haƙuri, ya ce in tashi, ya san don shi na yi. Abu ɗaya ya faɗa, cewa da na tambaye shi, da ya jira ko shekara nawa ce. Mota ta ci gaba da aiki, tana kawo abin da muke ci, yara suka yi karatu da ita. Shi kuwa bai sake shigarta ba, ko a kujerar gefe. Mun nemi wata irinta, wadda aka samu ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Kullum da safe direba ya zo ya gaishe shi ya karɓi makulli daga hannunsa, shi kuma ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Bai yi tsawon rai bayan nan ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma na san kwana ne ya ƙare, amma ni na san ranar da ya fara tafiya.

Yanzu na tsufa, na yi jikoki, na yi ta neman gafarar Allah, kuma ina kyautata zaton shi ma maigida ya yafe mini tun a ranar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk cikinmu babu mugu. Wanda ya ɗura mai, da wanda ya ja ta, da ƙaninsa, da ni, kowa ƙauna ce ta sa shi. Ni na ɗauka mota ce ta lalace, na gyara mota, ban tsaya na tambayi kaina me take yi masa ba. Don haka ina roƙon masu karatu, in abu ya ɓaci kuma ba ku san kansa ba, ku dakata ku nemi wanda ya sani, kada kunyar cewa ban sani ba ta sa ku gwaji a kan kayan wani. In kuma za ku taimaki mutum, musamman wanda Allah ya jarraba da rashin wata gaɓa, ku je ku zauna a gabansa ku tambaye shi abin da yake so, ko da yana kan gadon asibiti ne. Daga Kazaure zuwa Kano ba wata tafiya ba ce, ni ce na ƙi zuwa. Ku sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa.