Tambayar Yaya Sabo da Ban Fassara Ba

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana Sabo mai gyaran famfo. Ya tafi a shekarar da soja suka koma bariki, bai ga yadda farar hula za su yi da ruwan unguwarmu Mandawari ba. Da ya gani, da mun sha mita.

Ƙa'idarsa ɗaya ce a aiki. In aka kira shi gidan da bango ya jiƙe, ko kallon bangon ba ya yi. Sai ya fita lungu ya bi bututu har inda ruwan ke shigowa, ya rufe, sannan ya nemi kujera.

Da ciwon daji ya kama shi, ni ɗan bokon gida na raka shi asibiti. Likitan ba ya jin Hausa, na zama tafinta. Ya yi bayani cewa ƙullutun yana tsiro da nasa ƙananan jijiyoyi, yana jan jini yana girma. Yaya ya gyara zama ya ce, "Ai wannan satar ruwa ce. Tambaye shi, me zai hana a rufe masa bututun?" Kunya ta kama ni, kada a ce mun zo da ƙauyanci. Na ce wa likita yana godiya, na ce wa Yaya za a duba. Har ya rasu yana tambayata ko sun duba, abin kuma bai daina cin raina ba.

Watan jiya 'yarsa Rabi, wadda ke koyar da harhaɗa magunguna, ta zo gaishe ni, hira ta kai mu ga aikinta. Ta ce, "Baffa, akwai allurar rigakafi ta DNA, wato rubutun umarnin da ke cikin ƙwayoyin jiki. Tana koya wa garkuwar jiki ta gane sababbin jijiyoyin da ƙullutu ke shimfiɗawa, ta afka musu, yunwa ta kama shi. Amma fa har yanzu gwaji ne, galibi a kan ɓeraye."

Nan na faɗa mata abin da na ɓoye. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Baba ke nan!"

Na san da yana nan cewa zai yi, duk karatunsu sai yanzu? Bai bar gadon gida ba, bai bar na gona ba. Ya bar 'ya mai bin bututu har inda ya faro, ni kuma na sami natsuwa. Allah ya jiƙanka, Yaya. Suna dubawa.