Kicin Ɗinmu Na Cikin Waya

Daminar da na karye a ƙafa, wata biyu cur na yi ban leƙa shagona ba. Gyaran injin ban ruwa nake yi a Talata Mafara, irin aikin da mutum zai wuni a tsugune cikin baƙin mai, manoma na tsaye a kansa, kowa na cewa nasa za a fara dubawa. Wata rana ina dawowa daga wata gona, tayar babur ta zame a taɓo, babur ɗin ya kwanta mini a kan sawu. Mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, na kwarma ihun da har yau maƙwabta suke kwaikwayo in suna son tsokanata. Ya ɗaure ta da karare, ya ce kada in kuskura in taka.

Makon farko gida cike yake da masu zuwa yi mini sannu. A mako na biyu aka ragu. A na uku kuwa daga ni sai kaji a ƙarƙashin rumfa, sai ƙarar turmin maiɗakina daga madafi. Na zama mai saurin fushi. Ruwa in an kawo mini in ce ya yi ɗumi, kunu in ce ya yi kauri. Ita dai sai ta ajiye ta wuce.

Zaman banza ne ya sa na fara lalube a waya. Yawancin wasannin da nake gani na harbe-harbe ne, mu kuwa a yankinmu labarin bindiga ya ishe mu, ba zan ƙone datata a kansa ba. Can na ci karo da wani wasan girki. Mutum huɗu ne ake haɗawa ta intanet a kicin ɗaya, baƙi na ta shigowa suna neman abinci. Ɗaya ya yanka kayan miya, ɗaya ya tsaya a murhu, ɗaya ya wanke kwanuka, ɗaya ya kai wa baƙi. In an yi jinkiri baƙo ya tashi cikin fushi, in an bar tukunya ta kama wuta. Kuma 'yan wasan suna jin muryar juna.

Kwanakin farko da mutanen wasu ƙasashe aka riƙa haɗa ni, suna ta yi mini faɗa da harshen da ban sani ba. Ran nan ina cikin kokawa da albasa, sai na ji wata murya mai kauri ta ce, "Wai wane na wanga mai zubar muna da albasa ƙasa?"

Saura kaɗan wayar ta suɓuce mini. Na ce, "Ni ne, a yi haƙuri, baƙo ne ni."

"Kai! Ɗan ina ne?"

"Mafara."

"Allahu akbar! Ashe na gida ne ke ɓata muna aiki."

Mai muryar dillalin dabbobi ne a Bakura. Su uku ne suka daɗe suna wasa tare, suna neman na huɗu mai jin Hausa. Akwai wani malamin makaranta da yake koyarwa a garin Kaya, akwai kuma wani direban motar haya na Janbako, mai siririyar murya da yawan dariya. Babu wanda ya taɓa ganin wani a cikinsu, a cikin wasan suka haɗu. Nan take muka shiga gaisawa. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya mutanen Mafara. Kafin mu kai ga tambayar lafiyar dabbobi, baƙinmu duk sun watse, kicin ya kama da wuta. Daga ranar muka yi doka cewa sai an gama gaisuwa tsaf kafin a danna farawa.

Bayan la'asar muke haɗuwa. Dillali ya naɗa kansa shugaba, shi ne a murhu. Malam ne mai yanka, don ya ce shi mutum ne mai tsari. Direba ne mai kai abinci, yatsunsa kamar walƙiya. Ni aka ba ni wanke-wanke, wai nan ne ɓarnata ba za ta yi yawa ba.

A gaskiya rabin lokacin hira ce. Kowa da abin da ya dame shi. Dillali yana da wani rago da ya ƙi sayuwa, don duk wanda ya sunkuya zai duba haƙoransa sai ya tunkuye shi. Kasuwa uku ya kai shi yana dawowa da shi gida. Malam kuma matsalarsa sabis. A gidan da yake zaune waya ba ta kamawa sai ya fita bayan gari ya hau kan wani suri, ya tsaya da ƙafa a ware. Muna cikin wasa sai mu ga ɗan mutuminsa ya sandare da wuƙa a hannu, mu gane iska ta juya. Wata rana ya dawo yana haki ya ce tururuwa ne suka shiga masa wando. Direba kullum labarin hanya yake ba mu, ramin da ya cinye masa taya, da fasinjar da ta shigo da zakara ya yi ta cara har Maradun. Ni kuma ina ba su labarin ƙaiƙayin da ƙafata take yi a ƙarƙashin karare, inda hannu ba ya kaiwa. Kowa ya kawo shawara. Dillali ya ce in sa tsinken tsintsiya, Malam ya ce kada in soma, Direba ya ce in sosa ɗaya ƙafar ko za ta isar da saƙo.

Dillali ba ya raga wa kowa, amma Direba ya fi shan faɗansa. Da ya yi kuskure sai ka ji, "Kai yaro, ka natsu mana! Yaran yanzu ba ku da haƙuri." Direba ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "To, Alhaji, na bari."

Wata yamma muna wani mataki mai wuya, na hango tukunya tana hayaƙi, Dillali ya juya baya. Na manta inda nake, na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Miya tana ƙonewa! A sauke miya!" Sai ga maiɗakina ta fito daga ɗaki a guje, ɗankwali a hannu, ta yi madafi. Ta buɗe tukunyarta ta ga ko tafasa ba ta yi ba. Ta dawo ta tsaya a kaina, ta leƙa wayar, ta daɗe tana kallo.

"Maigida, kai ne ke wanke kwanuka?"

Na ce, "Wasa ne."

"Shekara nawa muna tare, ko cokali ban taɓa ganin ka ɗauraye ba."

Ban kashe lasifika ba, duk sun ji. Dariyar Direba har da tari. Daga ranar takan jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da ni tana tsince shinkafa, ido ɗaya a kan wayar. Takan ce a hankali, "Ku fara ɗora ruwa kafin ku yanka nama." In faɗa musu kamar dabarata ce. Kwana biyu kawai Dillali ya gano ni. Ya ce, "Wagga shawara ba taka ba ce. A gaishe muna da uwargida."

Ana haka sai Direba ya ɓace. Ranar farko muka ce ko lodi ne ya riƙe shi. Rana ta biyu Malam ya kira lambarsa, a kashe. Rana ta uku ma haka. Babu wanda ya furta abin da yake ransa, amma duk mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, mutumin kuma a hanya yake wuni. Gaisuwarmu ta gajarce. Dillali ya daina faɗa, abin da ya fi komai tayar mini da hankali.

Don kada mu zauna shiru, na roƙi maiɗakina ta shiga a madadinsa da wayarta. Ta ce ita ba za ta yi magana ba, wasa kawai za ta yi. Matakin da muka yi mako guda muna faɗuwa, a zama ɗaya ta fitar da mu. Ta kai abinci, ta dawo ta sauke tukunyar Dillali, ta kuma taya ni wanke-wanke. Muka samu taurari uku, abin da ba mu taɓa samu ba. Amma murnar ba ta yi armashi ba. Malam ya ce, "Ran kasuwar Janbako ba ni da aji da rana. Zan hau babur in tai in nemo shi."

Ranar ina kan tabarma, wayar a kan ƙirjina, sai ga kiran Malam ta bidiyo, ya haɗa da Dillali. Yana tsaye a tasha, yana ƙoƙarin danne dariya.

Ya ce, "Na zo na ce ina neman wani saurayi direba mai wasa a waya. Anka ce ba a san shi ba. Na ce mai wasan girki. Sai kowa ya ce, au, ai ga shi can ƙarƙashin mota."

Ya juya wayar. Wani mutum ya mirgino daga ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ya miƙe yana karkaɗe riga. Dattijo ne, gemunsa fari fat, ya kusa haihuwar kowane ɗayanmu. Ya matso da fuskarsa ya ce, "Salamu alaikum, 'yan kicin!" Muryar nan ce dai siririya, da dariyar nan.

Lafiyarsa ƙalau. Motarsa ce ta maƙale a wani kwazazzabo bayan ruwan sama, ya fita turawa, wayar ta faɗa cikin ruwa daga aljihun gaba. Tana wurin mai gyara a Maradun, lambobinmu kuma duk a cikinta suke. 'Yarsa da take aure a birni ce ta aiko masa da ita, shi kuma zaman jiran mota ta cika ne ya koya masa wasan.

Dillali ya ƙura wa farin gemun ido. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, don Allah ka gafarce ni. Wata nawa ina ce maka yaro."

Dattijon ya ce, "A'a, Alhaji, kada ka bari. Kowa a garin nan Baba yake ce mini, har masu furfura. Wurinka kaɗai nake jin ƙuruciya."

Duk da haka Dillali bai ƙara iya ce masa yaro ba. Bayan an gyara wayar mun koma wasa, in dattijon ya yi kuskure sai ka ji Dillali ya fara, "Kai ya..." ya haɗiye, ya ƙarasa da, "Baba, a ɗan duba teburin can, in ba damuwa."

Da aka kwance mini ɗori na fara takawa da sanda, Dillali ya gayyace mu gidansa a Bakura. Baba ne ya biyo ta Mafara ya ɗauke ni, Malam na gidan gaba. Da muka isa muka yi ta kallon juna muna dariya, don a bidiyo fuska kawai na gani, tsayin kowa ba haka na zana shi a raina ba. Malam dogo ne siriri, Dillali mai muryar nan kamar ganga ashe ɗan gajere ne, ko kafaɗata bai kai ba.

Bayan an gaisa an sha fura, Dillali ya ce tunda mun ƙware, yau mu za mu yi girki da hannunmu, ya riga ya ce wa iyalinsa su huta. Aka kafa murhu a ƙofar gida, aka kawo shinkafa da nama da kayan miya za a yi dafa-duka. Malam ya ɗauki wuƙa, albasa biyu kawai ya yanka hawaye suka rufe masa ido. Dillali ya tula ruwa a tukunya kamar zai yi wa bijimi wanka. Ni aka ce in hura wuta, na cika unguwa da hayaƙi. Muna jin matan gidan suna dariya ta bayan katanga.

Baba yana zaune a kan benci yana kallonmu, har ya ga abin zai lalace. Ya tashi ya naɗe hannun riga ya ce mu matsa. Ashe a ƙuruciyarsa manyan motoci ya bi zuwa kudu, shekaru yana dafa wa kansa abinci a gefen titi. Ya rage ruwan, ya gyara itace, ya soya nama da albasa har ƙamshi ya sa maƙwabta leƙowa. Mu uku muka koma 'yan miƙo wannan, miƙo wancan. Muka ci a tire ɗaya a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, muka suɗe hannu.

Da za mu tafi Dillali ya sa aka zuba mini saura a kwano in kai gida. Baba ya sauke ni a ƙofar gida tun rana ba ta faɗi ba. Na miƙa wa maiɗakina kwanon ina taƙama, na ce mu muka dafa. Ta ɗanɗana, ta tauna a hankali, ta dube ni.

"Wa ya dafa a cikinku?"

Na ce, "Baba."

Ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Sannan ta jawo kwanon gabanta ta cinye tas.